Hoton Iyali da Yara da Ƙaramar Kyamara: Yadda Ake Cin Moriyar Hasken Rana a Babura

Ranar Sallah a Babura, da an sauko daga idi sai a tara kowa a tsakar gida a ce a yi hoto. 'Yan mata sun sha lalle, samari suna cikin farar shadda, rana kuwa ta riga ta ɗaga. Idan aka duba hoton daga baya, shaddar ta yi fari fat har ba a ganin aikin da ke jikinta, fuskoki sun yi duhu, ƙananan yara duk sun runtse ido. Nan take sai a ɗora wa waya laifi, a fara lissafin sayen wata.

A 'yan shekarun nan ƙananan kyamarori na aljihu, irin su Canon PowerShot da IXUS, da Sony Cyber-shot da Nikon Coolpix, sun sake dawowa hannun matasa bayan da hotunansu suka yi tashe a TikTok da Instagram. Sai dai wanda ya sayi ɗaya ya koma ya tsaya cikin ranar nan ta tsakar gida, irin wancan hoton zai sake samu. Abin da ya fi gyara hoton iyali shi ne sanin inda haske mai laushi yake a cikin gida, da lokacin da yake zuwa. Kuma abin ya cancanci a koya, domin jaririn da aka raɗa wa suna bana, baɗi yana tafiya da ƙafarsa, kakar da ke riƙe da shi kuma ba wanda ya san Sallah nawa ta rage mata. Hoton da ya lalace a irin wannan rana ba shi da maimai.

Me ƙaramar kyamara ta fi waya da shi?

Ƙananan kyamarori kashi biyu ne, kuma bambancin yana cikin sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. Yawancin tsofaffi masu araha suna da sensa mai lamba 1/2.3, wadda girmanta bai wuce milimita 6.2 da 4.6 ba. Kashi na biyu su ne masu sensar da ake kira inci ɗaya, mai milimita 13.2 da 8.8, kamar Sony RX100 da ta fito a 2012 da Canon G7 X da ta biyo baya a 2014. Faɗin wannan sensa ya ninka na farko kusan sau huɗu, don haka ta fi tara haske a cikin inuwa da cikin ɗaki. Sama da su akwai irin su Ricoh GR III ta 2019 da Fujifilm X100VI ta 2024, masu sensa babba irin ta manyan kyamarori, amma tsadarsu ta fi ƙarfin mai neman hoton gida kawai.

A faɗi gaskiya, tsohuwar kyamara mai ƙaramar sensa ba ta fi wayar zamani mai kyau a cikin duhu ba, domin waya tana ɗaukar hotuna da yawa a lokaci guda ta haɗe su su zama ɗaya. Inda kyamarar ta yi fice shi ne wurare uku. Gilashinta yana jawo abu kusa ba tare da hoto ya farfashe ba. Tana bai wa mutum ikon zaɓar saurin ɗauka, wanda shi ne maganin yaro mai ƙiriniya. Sannan ba ta shafe fata ta mayar da ita sumul kamar roba, yadda manhajar gyaran fuska ta wayoyi da yawa ke yi. Duk da haka, bayanin haske da ke tafe ya shafi mai waya kamar yadda ya shafi mai kyamara.

Hasken Babura ba irin na Turai ba ne

Yawancin darussan hoto da ke YouTube a Turai da Amurka aka yi su, inda rana ke tafiya a karkace. Babura kuwa tana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Hasken da ke saukowa daga sama kai tsaye shi ne mafi muni ga fuska: goshi da hanci su yi ƙyalli, idanu su faɗa rami, bakin hula ko ɗankwali ya jefa inuwa a rabin fuska.

Ƙarfin hasken ma abin lura ne. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Rana tsaka kan kai luks 100,000, inuwa a waje kan kasance tsakanin 10,000 zuwa 20,000, ɗaki mai ƙaramar taga kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ko ƙasa da haka. Idon mutum yana iya ganin rana da inuwa tare, amma sensa ba ta iyawa: idan ta gyara ɗaya sai ɗayan ya lalace. Wannan ne dalilin da ya sa hoton da rabinsa rana rabinsa inuwa ba ya yin kyau.

Lokacin da turawa ke yabo na jan hasken yamma shi ma gajere ne a nan, domin rana tana faɗuwa a miƙe. A Babura tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 zuwa 7 na safe, ta faɗi tsakanin ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma, gwargwadon watan da ake ciki. Hasken da ya fi laushi yana cikin awa ɗaya bayan fitowarta, da kuma la'asar sakaliya, musamman rabin awar ƙarshe. Da ta faɗi, cikin minti 25 duhu ya fara rufewa. Mai son hoton yamma sai ya tara mutane tun da wuri, kada a tsaya jiran wadda ke ɗaura kallabi har a kira magariba.

Yanayi ma yana sauya lissafi. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a sama. Hazon nan yana tace rana kamar an rufa mata farin mayafi, har a iya ɗaukar hoto a fili da hantsi ba tare da an runtse ido ba, sai dai sama kan fito fari. A damina gajimare ke yin wannan aikin, kuma bayan an ɗauke ruwa launuka sun fi fitowa. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce mafi wahala.

Wurare huɗu da kusan kowane gida yake da su

Na farko shi ne bakin ƙofar ɗaki ko ta zaure. A zaunar da yaro taki ɗaya daga cikin ƙofa yana fuskantar waje, mai kyamara ya tsaya a waje ko a gefe. Haske zai sauka a fuska a hankali, bayansa kuma ya yi duhu, sai fuskar ta fito ita kaɗai. Ƙofar da ke kallon arewa ta fi, domin daga ƙarshen Agusta zuwa Afrilu rana ta kudu take bi, har a Disamba tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 54 ba. Bangon da ke kallon arewa yakan wuni da inuwa a mafi yawan waɗannan watanni.

Na biyu shi ne bakin rumfa ko baranda. A tsayar da mutane dab da inda inuwa ta ƙare, kada a kai su can ƙurya. Ƙasar wannan yanki rairayi ce mai haske, kuma idan rana ta doke ta sai ta mayar da hasken sama zuwa ƙarƙashin haɓa da idanu. Abin da masu situdiyo ke sayen kayan aiki domin samu, tsakar gida tana bayarwa kyauta.

Na uku shi ne inuwar bishiya, darbejiya ko tsamiya ko mangwaro. A nan a kula da ɗigon rana da ke ratsowa ta cikin ganye, domin yana fitowa a hoto kamar tabo a fuska. A matsa da mutum har sai inuwar ta rufe shi gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne gefen taga, ga jariri da mai jego waɗanda ba sa fita. A kashe ƙwan lantarki don kada launin haske biyu ya gauraya, a kwantar da jariri ta yadda hasken zai zo masa ta gefe. Idan ɗaya ɓangaren fuskar ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin zani ko farin kwali a wajen, zai mayar da hasken. Filash a kashe shi, yana firgita jariri, yana sa goshi ƙyalli, ya kuma jefa baƙar inuwa a bango.

Wurin da za a guje wa shi ne ƙarƙashin tanti ko tamfol mai launi da ake kafawa a biki, domin shuɗi ko jan launinsa yana sauka a fata kuma yana da wuyar gyarawa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Seydou Keita, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki yawancin hotunansa ne a tsakar gida da hasken rana, yana rataya yadi a bayan mutane. Yau ana nuna hotunan nan a manyan gidajen tarihi na duniya. Tabarma ko zanin atamfa da aka rataya a igiyar shanya cikin inuwa zai yi wannan aikin, ya kuma ɓoye bokiti da tukwanen da ke baya.

Baƙar fata da farar shadda

Kowace kyamara tana da ma'aunin haske da ke ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani ya zama tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Idan farin kaya ya cika hoto, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskoki su ƙara duhu. Haka ma idan akwai sama ko ƙofa mai haske a bayan mutum. Matsalar tana da tarihi: tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto katin gwaji da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton baturiya, kuma da fatarta ake daidaita launi. Sai daga baya kamfanoni suka waiwayi baƙar fata. Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya gina kasuwarsa a Afirka da kyamarar da aka saita don fuskar baƙar fata, Google kuma ya fito da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021. Tsohuwar kyamarar aljihu ba ta da wannan gyaran, don haka mai ita ne zai yi da hannunsa.

Maɓallin da ake buƙata shi ne mai alamar +/-. Idan fuska ta yi duhu, a ɗaga shi zuwa +0.7 ko +1, a sake ɗauka, a duba. A kunna gano fuska idan kyamarar tana da shi, don ta auna haske daga fuskar maimakon rigar. A cikin rana wannan gyaran zai ƙone farin kaya, amma a inuwa tazarar da ke tsakanin fata da shadda tana raguwa, sai duka biyun su fito. Kada kuma a wuce gona da iri har a mayar da baƙin yaro wankan tarwaɗa. Kyakkyawan hoto shi ne wanda uwa za ta kalla ta ga launin ɗanta yadda ta san shi.

Saiti uku da suka isa

Saurin ƙiftawa shi ne tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. Ga babba da ke zaune, 1/125 na daƙiƙa ya isa. Ga yaro da ke zaune yana motsi, 1/250. Ga masu langa, ƙwallo ko gara taya, 1/500 zuwa 1/1000. Ana zaɓar sa ne idan aka juya kyamara zuwa harafin S, ko Tv a Canon. Wadda ba ta da wannan, a nemi alamar ɗan wasa mai gudu ko ta yara.

Ƙofar haske ita ce lambar da ke biye da harafin f. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofar a buɗe take sosai: f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jawo hoto yana tsuke wannan ƙofa. RX100 ta farko tana farawa da f/1.8, amma idan aka jawo zuwa ƙarshe sai ta koma f/4.9, hasken ya ragu fiye da ninki bakwai. Saboda haka a cikin ɗaki a matsa da ƙafa maimakon jawowa, amma a bar tazarar kamar mita ɗaya da rabi, don kada hanci ya fito ya yi girma. A waje cikin inuwa kuwa, ja da baya a ɗan jawo ya fi fito da fuska da kyau. Hoton taro mai sahu biyu ko uku yana son f/4 zuwa f/5.6 don na baya ma su fito tas.

ISO shi ne ƙarin ƙarfin da ake bai wa sensa idan haske ya yi ƙaranci, kuma idan ya yi yawa hoto kan yi ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Mai sensar inci ɗaya tana jure 1600, tsohuwa mai ƙaramar sensa kuwa gara ta tsaya a 400. Idan zaɓi ya kama, hoto mai ɗige-ɗige ya fi wanda fuska ta yi dishi-dishi, domin na farko ana iya rage masa, na biyu ba shi da magani.

Yara ba sa tsayawa

Da an ce wa yaro ya tsaya a ɗauke shi, sai ya ƙame kamar soja. Mafita ita ce a kai wasan inda haske yake: a shimfiɗa tabarma a bakin rumfa, a zuba musu duwatsun carafke ko gyaɗa, a bar su su manta da kyamara. Mai ɗauka ya durƙusa har kyamara ta zo daidai idon yaron, domin hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ƙara wa kai girma ya rage ƙafafu. A danna maɓalli rabi har kyamara ta kama ido, sannan a ƙarasa. Tsofaffin kyamarori suna da ɗan jinkiri, kuma wannan ne maganinsa. A kunna ɗauka a jere, a zaɓi ɗaya daga baya.

Wasan kaka da jika shi ne hanya mafi sauƙi ta samun dariya. Ya isa mai kyamara ya ce, "Inna, ga maigidanki nan ya zo ba kuɗin cefane." Kafin ta gama rama wa, an sami hoton. A gidajen da uwa ke kunyar ɗan fari, kada a matsa mata ta riƙe shi a gaban mutane, a bai wa kaka ko gwaggo.

Ƙura, zafi da sayen ta hannu

Gilashin ƙaramar kyamara yana fita yana komawa, kuma a wannan motsi yake zuƙar ƙura. Idan ta kai kan sensa, sai an kwance kyamarar kafin a goge. A hunturu a riƙa ajiye ta cikin jaka mai zif, kada a jefa ta aljihu haka nan, kada kuma a goge gilashi da bakin riga. A bazara, da zafi kan haura digiri 40, kada a bar ta cikin but ɗin babur ko mota a rufe, domin zafi yana kashe batir.

Mai sayen ta hannu a Kano ko ta intanet ya kunna ta ya kashe sau da yawa ya ga ko gilashin yana maƙalewa. Ya ɗauki farin bango a f/8, idan baƙin tabo ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a ciki. Ya tabbatar ana samun batirinta, misali NP-BX1 na RX100 ko NB-13L na G7 X. Ya duba memorin da take karɓa, domin wasu tsofaffi ba sa karanta wanda ya wuce 2GB, wasu kuma 32GB. Wadda ke caji ta USB, kamar RX100, ta fi dacewa da inda wuta ba ta zama, tunda fawa banki zai cika ta.

Bayan an ɗauka

Ƙaramar na'urar karanta memori mai bakin USB-C ta isa a kwashe hotuna zuwa waya. Masu Wi-Fi kuma suna da manhaja, kamar Camera Connect ta Canon. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, sai dai a danna alamar HD da aka ƙara a 2023, ko a tura shi a matsayin fayil. A ajiye kwafi a wuri biyu, kamar Google Photos, da ke cikin 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, da kuma filas ko kwamfuta. Waɗanda suka fi daraja a kai situdiyo a wanke su, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta.

Hoton cikin gida amana ne. Kada a ɗora hoton matar aure ko budurwa a intanet ba da izininta ba, kada kuma a ɗora na ɗan wani ba da sanin iyayensa ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora yardar amfani da bayanan yaro a hannun iyaye ko mai riƙonsa. Hoton yaro ba tufafi, ko wanda ke nuna bajen makarantarsa da ƙofar gidansu, ya tsaya a cikin dangi.

Wanda ke son ya ga bambanci kafin Sallah mai zuwa, ya ware rana ɗaya ya zagaya gidansu da ƙanensa sau uku, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, yana ɗaukarsa a bakin zaure, da bakin rumfa, da gindin bishiya, da gefen taga. Hotuna 12 ke nan. Idan ya jera su ya duba, zai gane wuri da lokacin da hasken gidansu ya fi kyau, kuma ranar da dangi suka taru ya san inda zai shimfiɗa wa kaka tabarma.